Yadda Ake Horar da Tsokokin Ciki da na Baya Idan Ciwon Ƙugu Yana Tafiya Yana Dawowa

Duk mai ciwon baya ya san wannan zagayen. Ka sunkuya ka ɗauki abin da bai taka kara ya karya ba, takalmi ko makullin da ya faɗi, sai ka ji ƙugu ya riƙe. Kwana uku kana tafiya a karkace, sati biyu kana lallaɓa jiki, daga nan abin ya lafa, ka manta da shi. Bayan wata huɗu ko biyar sai ga shi, a daidai inda ya bari, kamar mai bin bashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma a kusan kashi 90 cikin 100 ba a samun wata takamaimiyar cuta da za a ɗora wa laifi. Dawowar ma ba abin mamaki ba ce. Wani bincike da aka buga a 2019 ya bi diddigin mutum 250 a Ostareliya bayan sun warke, sai aka ga kashi 69 cikin 100 ciwon ya sake kama su kafin shekara ta zagayo.

Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne neman magani ranar da ciwo ya tashi, da watsar da komai ranar da ya kwanta. Alhali ranakun lafiyar nan su ne lokacin aiki.

Me ya sa yake dawowa?

Ƙasan baya ƙasusuwa biyar ne a jere, ɗaya kan ɗaya, da faifan guringuntsi a tsakaninsu. Su kaɗai ba za su iya ɗaukar gangar jiki ba. A 1992 Manohar Panjabi na Jami'ar Yale ya bayyana cewa abu uku ke riƙe da ƙashin baya: ƙasusuwa da jijiyoyin da suka ɗaure su, sai tsokoki, sai ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da ke gaya wa tsokar yaushe za ta kama da kuma irin ƙarfin da za ta sa. Na ukun nan shi ne linzami. Doki komai ƙarfinsa, in ba linzami, inda ya ga dama zai nufa.

Ka ɗauki cikinka kamar gwangwani. Murfinsa na sama tsokar numfashi ce da ke ƙarƙashin huhu. Gindinsa tsokokin ƙasan mara ne, waɗanda kake matsewa in kana riƙe fitsari. Bangonsa wata siririyar tsoka ce can ciki da ta zagaye ciki a gicciye kamar ɗamara, likitoci na kiran ta taransbasus, mu kuwa za mu kira ta tsokar ɗamara. Ta baya kuma akwai gajerun tsokoki da suka manne a gefen ƙashin baya hagu da dama, kowace tana tsallake ƙashi biyu zuwa huɗu, sunansu maltifidas.

A 1996 Paul Hodges da Carolyn Richardson na Jami'ar Queensland suka soka siraran wayoyi a tsokokin cikin mutane, suka ce kowa ya ɗaga hannu da sauri. A jikin masu lafiya, tsokar ɗamara na kamawa tun kafin hannun ya motsa, wato jiki ya riga ya shirya wa girgizar da ke tafe. A jikin masu ciwon baya kuwa takan makara. Makarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma tana nan. A shekarar dai, Julie Hides da abokan aikinta a wannan jami'a suka nuna cewa maltifidas na motsewa a ɓangaren da ke ciwo, kuma ba ta cikowa da kanta ko da ciwon ya tafi. Sun raba mutum 39 gida biyu, aka koya wa kashi ɗaya tayar da tsokar, aka bar ɗayan da kulawar da aka saba. Bayan shekara, ciwon ya dawo wa kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka yi atisaye, su kuwa sauran kashi 84.

Sai dai kada a ɗauki abin da zafi. Mutum 39 ba yawa ba ne, kuma labarin ya yi ta kumbura har aka kai ana sayar da "tsokar ciki" kamar laya. A 2016 ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 29, ta ga wannan horo ya fi zama haka kawai, amma bai fi sauran nau'o'in motsa jiki da wani abin a-zo-a-gani ba. A ganina amfaninsa na gaskiya shi ne yana ba mutumin da ke tsoron bayansa hanyar farawa a hankali, ya kuma koya masa jin abin da ƙugunsa ke yi. Ƙofa ce, ba ɗaki ba.

Kafin komai: tabbatar ba wani abu ba ne

Akwai alamomin da ba atisaye suke so ba, asibiti suke so. In ka ji tsakanin cinyoyi, al'aura ko kewayen dubura sun mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida na zubowa ba ka sani ba, ko ƙafafu biyu na rasa ƙarfi, to a ranar za ka tafi, ko da tsakar dare ne. Jijiyoyin ƙarshen laka ne ake matsewa, kuma jinkiri kan bar naƙasa ta dindindin.

Haka nan ka ga likita tukuna in ciwon ya zo da zazzaɓi, rama ba dalili, zufar dare, ko ka taɓa yin ciwon daji ko tarin fuka, ko ya biyo bayan faɗuwa ko haɗari, ko ƙafa ɗaya ta fara jan ƙasa. Tsoho ko wanda ya daɗe yana shan maganin sitiroyid, ƙaramar faɗuwa ma na iya tsaga masa ƙashi. Matashi kuma da ke tashi da baya a sage fiye da rabin awa kowace safiya, yana jin sauƙi in ya motsa, yana tsananta in ya huta, a duba shi ko kumburin gaɓoɓin baya ne. Mai juna biyu da wadda ta haihu kwanan nan, musamman ta hanyar tiyata, su nemi shawarar mai duba su kafin su fara.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ba lalle ne ka yi hoto ba. Wani nazari na 2015 kan hotunan mutanen da ba su da ciwon komai ya nuna kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifan bayansu ya fara zaizayewa, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 96. Furfura ce ta ciki. Da yawa takardar hoto ta fi ciwon kansa karya musu gwiwa.

Mataki na farko: bari wutar ta lafa

In yanzu kake cikin ciwon, kada ka fara da atisaye mai wuya, kada kuma ka share kwanaki a gado. Doguwar kwanciya na ƙara sagewa. Tashi kowace awa ka taka na minti biyu ko uku, ka gasa wurin da ruwan ɗumi ko tawul mai zafi na minti 15 zuwa 20. In za ka huta, kwanta rigingine da filo a ƙarƙashin gwiwoyi, ko a kwiɓi da filo tsakaninsu. Wajen tashi, mirgina gefe, sauke ƙafafu, sannan ka tura jiki sama da hannu. Magunguna irin su ibuprofen na rage zafi na 'yan kwanaki, amma mai olsa, mai ciwon ƙoda ko hawan jini, da mai ciki, kada su sha sai da izinin likita.

Da zarar kana iya juyawa a gado da tashi daga kujera ba tare da cije leɓe ba, ka shiga mataki na gaba.

Mataki na biyu: nemo tsakiyar ƙugunka, ka gyara numfashi

Kwanta rigingine a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. Danna ƙasan bayanka ya manne da ƙasa. Sai ka saki, ka gantsare har rami ya buɗe a ƙarƙashin ƙugu. Yi ta kai da kawowa a hankali sau 8 ko 10, kana rage tazarar, har ka tsaya a tsakani, inda tafin hannu zai iya shiga ƙarƙashin bayan da ƙyar kuma ba ka jin ciwo. Wannan wurin ka riƙe shi a ka, domin duk abin da zai biyo baya a kansa za a gina.

Yanzu ɗora hannu biyu a gefen ƙananan haƙarƙari. Ja iska ta hanci har ka ji haƙarƙarin na buɗewa gefe da gefe, ciki na ɗan tasowa, kafaɗu kuwa suna nan inda suke. Fitar da ita a hankali ta baki. Yi haka na minti biyu. Wanda ya daɗe da ciwo yakan saba da riƙe numfashi da ƙanƙame ciki duk lokacin da zai motsa, bai ma san yana yi ba. In ba a warware wannan ba, duk atisayen da ke gaba da nishi za a yi shi.

Mataki na uku: tayar da tsokokin da suka yi barci

Nan ne ake buƙatar haƙuri, domin babu gumi, babu abin da mai kallo zai gani.

Kana kwance yadda kake, lalubo ƙashin ƙugu da ya turo ta gaba, hagu da dama. Matsar da yatsu kamar faɗin yatsa biyu zuwa ciki, ka ɗan sauko ƙasa, ka danna a hankali. Ja numfashi, ka fitar. A ƙarshen fitarwar, ja mararka ciki sannu-sannu, kamar kana janye ta daga bakin wando mai matsewa, tare da ɗan matse ƙasa kamar mai riƙe fitsari. Abin da ake so ka ji a ƙarƙashin yatsu shi ne wani tauri mai zuwa a hankali daga can ciki, kamar ana ɗame fata. In ka ji tsoka ta yi tsalle ta turo yatsunka waje, ka wuce gona da iri, tsokokin sama ne suka karɓe aikin. Saki gaba ɗaya, ka sake da rabin ƙarfin. Kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinka ya isa, ko ma ƙasa da haka.

Riƙe na daƙiƙa 10 kana numfashi kamar kullum. Gwajin mai sauƙi ne: in ba za ka iya ƙirga ɗaya zuwa goma da baki ba, ka matse da yawa. Kula da abubuwa uku da kan yi kutse: baya ya manne da ƙasa, ɗuwawu ya matse, haƙarƙari ya nutse. Ko ɗaya bai kamata ya faru ba. Yi sau 10, sau biyu a rana.

Wani ba ya jin komai a rigingine. In kai ne, gwada a kwiɓi ko a rarrafe, ka saki tumbi ya rataya, sannan ka ɗago mara kaɗai. Nauyin cikin kan taimaka ka gane inda tsokar take.

Maltifidas ta fi wuyar samu. Kwanta a kwiɓi ko ka zauna a miƙe, sa yatsu a gefen ƙashin baya daidai ƙugu, inda nama yake da laushi dab da ƙashin. Yi ƙoƙarin kumbura naman a ƙarƙashin yatsun ba tare da ka motsa baya ba. Sau da yawa za ka tarar ɓangaren da ke ciwo ya fi ɗayan nawa. In ta ƙi, ga dabara: tsaya da ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, yatsu na wurin, ka mayar da nauyinka kan ƙafar gaba a hankali. Za ka ji tsokar ta cika da kanta. Maimaita har ka gane yadda cikar take, sannan ka nemi kawo ta kana tsaye cik.

Sati ɗaya zuwa biyu ya isa a nan. Kada ka zauna wata uku kana neman kamala. Na fi son mutum ya wuce gaba da riƙon da bai cika ba a kan ya maƙale a ƙasa yana lalube.

Mataki na huɗu: ƙafa ta motsa, ƙugu ya tsaya

Sa tafin hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙugu don ya zama ɗan sanda. Kama mara kamar yadda ka koya, sai ka zame diddige ɗaya a ƙasa har ƙafar ta miƙe, ka dawo da ita. Nauyin da hannunka ke ji kada ya ƙaru, kada ya ragu. Sau 8 kowace ƙafa. Bayan haka, bar gwiwa ɗaya ta faɗa gefe a hankali, iya inda za ta kai ba tare da ƙugu ya bi ta ba. In waɗannan sun zama wasa, ɗaga ƙafa ɗaya, gwiwa a lanƙwashe, har cinya ta tsaya sak, ka sauke, ka ɗaga ɗayar. Saurin banza ne ke ɓata wannan matakin: daƙiƙa uku tafiya, daƙiƙa uku dawowa.

Mataki na biyar: gina juriya

Tsokar baya ba ƙarfin ɗaga buhu sau ɗaya ta fi buƙata ba, juriyar yini take buƙata. Uku daga cikin atisayen nan Stuart McGill ne ya shahara da su, masanin ƙashin baya da ya daɗe a Jami'ar Waterloo ta Kanada, kuma an zaɓe su ne don suna sa tsoka aiki ba tare da matsa wa faifan baya sosai ba. A nan ba jan mara kaɗai za ka yi ba. Ɗan taurara ciki duka, gaba da gefe, kamar yaro zai kai maka naushi cikin wasa.

Na farko, ɗaga kai. Kwanta rigingine, ƙafa ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe, hannuwa a ƙarƙashin ƙugu. Ɗago kai da kafaɗu tare kamar katako ɗaya, kaɗan kawai, yadda takarda za ta iya wucewa ta ƙasa. Kada ka cusa haɓa cikin ƙirji, kada ƙugu ya danne hannu. Wannan ya maye gurbin tsohon atisayen nan na tashi zaune daga kwance, wanda ke lanƙwasa baya sau ɗari yana matsa faifai.

Na biyu, gadar kwiɓi. Kwanta a gefe, dogara da gwiwar hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, gwiwoyin ƙafa a lanƙwashe. Ɗaga ƙugu har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa. In ya yi sauƙi, miƙe ƙafafu ka dogara da tafin ƙafa, ta sama a gaban ta ƙasa. Yi ɓangare biyu, kuma ka lura da wanda ya fi saurin gajiya.

Na uku, miƙewar rarrafe. Durƙusa da hannu da gwiwa, hannu ƙarƙashin kafaɗa, gwiwa ƙarƙashin ƙugu. Miƙe ƙafar hagu baya da hannun dama gaba. Kada ƙafar ta wuce tsayin ƙugu, domin da ta wuce baya zai gantsare. Tura diddige baya kamar kana tokare bango. Ɗora littafi a kan ƙugunka, in ya zame ka san ka karkace. Wanda abin ya yi wa yawa ya fara da ƙafa kaɗai.

Na huɗu, gada. Rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, matse ɗuwawu ka ɗaga ƙugu har cinya da ciki su daidaita. A ɗuwawu za ka ji aikin. In a bayan cinya kake jin sa, ko tsoka na ɗaurewa, jawo diddige kusa. In a ƙugu ne, ka ɗaga da yawa.

Kowane riƙo daƙiƙa 10 ne, ba minti ɗaya ba. Yi sau 5, huta rabin minti, yi sau 3, huta, yi sau 1. Ana rage adadin ne don ka gama kafin gajiya ta ɓata tsayuwar jiki. In ka ƙara ƙarfi, ƙara yawan maimaitawa, ba tsawon riƙo ba. Duka ba zai wuce minti 15 ba, kwana huɗu ko biyar a sati. Abu ɗaya kuma: faifan baya kan sha ruwa ya kumbura cikin dare, saboda haka awa ta farko bayan tashi daga barci ba lokacin lanƙwasa baya sosai ba ce. Bari sai ka ɗan zazzaga.

Mataki na shida: tashi daga ƙasa

Da wuya bayan mutum ya riƙe yana kwance a kan shimfiɗa. A sunkuye yake riƙewa, ko wajen ɗaga yaro, ko fitowa daga mota. Don haka daga sati na huɗu zuwa na shida sai horon ya koma tsaye.

Fara da koyon sunkuyo daga kwatangwalo. Samo sanda, ka ɗora ta a bayanka a tsaye, ta taɓa ƙeya, tsakanin kafaɗu, da saman ɗuwawu. Ɗan saki gwiwa, ka tura ɗuwawu baya kamar za ka rufe ƙofa da shi, ƙirji na sauka gaba. In sandar ta rabu da ɗaya daga cikin wuraren ukun, baya ne ya lanƙwashe. Sau 10 a gaban madubi. Daga nan sai tashi da zama a kujera ba dafa hannu, sau 10 har zagaye uku. Sai ɗauko kaya daga kan kujera, daga baya daga ƙasa: fara da kilo 3 zuwa 5, kayan na manne da jiki, ka fitar da numfashi wajen miƙewa, ka ƙara kilo ɗaya ko biyu duk sati muddin jiki ya karɓa. Riƙe jarka ko jaka mai nauyi a hannu ɗaya ka yi taku 30 ba ka karkata ba, ka sauya hannu. Wannan na ƙarshen, duk da sauƙinsa, yana aikin gadar kwiɓi kana tafe.

A nan zan saɓa wa abin da ake yawan faɗa. Ba a so ka yini da ciki a ɗaure, kana tafiya kamar wanda ya haɗiyi taɓarya. Bayan da ke ƙanƙame kullum shi ma ciwo yake yi, kuma da yawa daga masu ciwon baya matsalarsu ba sakaci ba ce, ƙanƙamewa ce. Taurin ciki ya dace da nauyin aikin: buhu na son da yawa, cokalin da ya faɗi ba ya son komai. Baya an halicce shi ya lanƙwasa. Da ciwo ya lafa, koma kana sunkuyawa a sake, kana juyawa, kana ɗaure takalmi yadda kowa ke yi.

Tafiya

A 2024 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani gwaji na Jami'ar Macquarie a Sidni, da mutum 701 da suka warke daga ciwon baya. Rabi aka ba su tsarin tafiya a ƙasa da zama shida da likitan fisiyo, wanda wasu ke kira likitan gashin ƙashi, cikin wata shida, ana son su kai minti 30 sau biyar a sati. Kafin ciwon da ke hana aiki ya dawo, masu tafiya sun kai kwana 208 a tsakaice, sauran kuwa kwana 112. Fara da minti 10 in shi kake iyawa, da ɗan sauri, hannuwa na lilo. Tafiyar rangwaɗa a hankali ta fi gajiyar da ƙugu.

Wane ciwo ake jurewa, wane ne ake tsayawa?

Auna ciwonka daga 0 zuwa 10, wato 0 babu ciwo, 10 ciwo mafi tsanani. In yana 3 ko ƙasa lokacin atisaye, kuma ya koma yadda yake kafin gobe war haka, ci gaba. In ya kwana ya wuni yana sama, rage rabin abin da ka yi, kada ka daina. Ciwon tsoka na gajiya da ke zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne.

Kula da inda ciwon ke tafiya fiye da yawansa. Robin McKenzie, likitan fisiyo ɗan Niyu Zilan, shi ya jawo hankali kan wannan: ciwon da ke janyewa daga ƙafa ko ɗuwawu yana komawa tsakiyar baya alamar alheri ce, ko da ya ɗan ƙaru a can. Wanda kuwa ke gangarowa cinya zuwa ƙwauri, ko ya zo da jin kamar ana tsira allurai, to motsin da ya jawo shi a ajiye shi.

Abin da za ka nema a wurin likitan fisiyo

Duk abin da ke sama mutum na iya yi a ɗakinsa, amma ido na biyu na da rana, musamman a mataki na uku da na shida. Likitan fisiyo zai tambayi tarihin ciwon, ya gwada ƙarfin ƙafafu da jijiyoyi, ya kalli yadda kake sunkuyawa da tashi. Wasu na sa wata 'yar jakar iska mai agogo a ƙarƙashin ƙugu, a hura ta zuwa 40, ka motsa ƙafa kana kallon allurar kada ta gusa. Wasu na nuna maka tsokar ɗamara a na'urar sikanin tana kauri.

Tausa, gashi da murɗa gaɓoɓi na kawo sauƙi na ɗan lokaci, kuma ba laifi in suna buɗe maka hanyar motsi. Amma in zama goma ya wuce kana hawa gado a jona maka na'ura ka sauka, ba a ba ka aikin gida ko ɗaya ba, tambayi dalili. Ƙa'idojin NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, na 2016 da na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 duk sun ce kada a dogara da bel ɗin ɗaure ƙugu ko injin jan baya. In ka yi sati 6 zuwa 8 kana bin tsarin nan ba canji, koma a sake duba ka. A faɗa wa likita gaskiya kan barci, damuwa da shan taba, domin ukun nan na da hannu a daɗewar ciwo.

Ranar da ya sake tashi

Zai iya tashi, ko da ka yi komai daidai. Rubuta tsarin ranar tun yanzu ka ajiye a waya: duba alamomin haɗari, gasa wurin, tafiyar minti biyar sau da yawa a yini, numfashi da jan mara a kwance. Bayan kwana biyu ko uku ka dawo da gada da miƙewar rarrafe da ƙafa kaɗai. Kaya masu nauyi su jira sati ɗaya ko biyu, kuma in ka koma musu, fara da rabin kilon da ka tsaya a kai.